Bel uku, ƙara biyu: yadda aka gano abin da ke sa injin wata mota kuka

Motar da tarihinta

Motar ƙarama ce mai silinda huɗu, mai shan fetur, shekarunta 12. Lokacin da abin ya fara, mita tana nuna kilomita 168,400. Mutum ɗaya ke tuƙa ta, kimanin kilomita 40 a rana, rabi a cikin cunkoso. Ba mai sakaci ba ne. Yana juye baƙin mai a kan kari, kuma duk aikin da aka yi wa motar sai ya rubuta shi a wani ɗan littafi da yake ajiyewa a aljihun gaba. Daga littafin nan aka ɗauko ranaku da alƙaluman da ke cikin wannan bayani.

Bel ɗin da ake maganarsa shi ne na waje, wanda ake gani da zarar an ɗaga bonet. Har yau fambel ake ce masa, ko da yake a irin wannan motar lantarki ne ke juya fanka. Daban yake da bel ɗin taimin, wanda ke ɓoye a cikin murfi. A tsofaffin motoci kowace na'ura da nata bel ɗin, amma tun wajen 1979, lokacin da Ford ya saka bel guda mai zagaye komai a Mustang, tsarin ya yi ta yaɗuwa har ya zama shi ne gama-gari. A wannan motar bel ɗin yana hawa fuli bakwai, wato ƙafafun da ke juyawa tare da shi: na karanshaf, wanda shi ke jan sauran, sai na kwamfireson AC, na altaneta mai cajin batir, na famfon ruwa, na famfon sitiyari, sai wani fuli na banza da ba ya juya komai illa ya karkata bel ɗin, sannan na ajasta. Cikin bel ɗin jijiyoyi shida ne a jere da ke shiga ramukan fuli, bayansa kuma sumul.

Ajastan mai ɗaure kansa ne. Hannu ne na ƙarfe mai sifirin a ciki, yana danna bel ɗin kullum, tare da wani ɗan abin riƙo mai aiki kamar birki don kada hannun ya yi ta tsalle. Ba a ɗaure shi da sifana, ba a sassauta shi. In ya gaji, sai canji.

Abin da littafin ya nuna kafin matsalar: an canja bel a kilomita 92,000. Batir ya shekara huɗu. An canja famfon sitiyari a kilomita 161,200 saboda yoyo. Ajasta kuwa tun na kamfani ne.

Rana ta 1 zuwa ta 12: ƙarar safiya

Da safe ne, bayan an kwana ana yayyafi. Yana murɗa makulli inji ya tashi, sai wata ƙara mai tsini, ƙiiii, ta daƙiƙa uku ko huɗu, sannan ta ɗauke ɗif. Bai sake jin ta ba duk yinin. Washegari ba ta yi ba. A rana ta uku ta dawo.

Zuwa mako na biyu ta zama ta kullum, ta kuma ƙara tsawo, daƙiƙa takwas zuwa goma. Ya lura da abu biyu ya rubuta. Idan ya kunna AC nan take bayan tayar da inji, ƙarar takan ƙaru. Idan kuma ya murɗe sitiyari har ƙarshe wajen fita daga inda ya ajiye motar, takan yi ɗan gajeren ihu ko da inji ya riga ya yi zafi. Fitilar batir ba ta kama ba, allurar zafi tana inda ta saba tsayawa.

Rana ta 13, kilomita 168,900: feshi

Wani abokin aikinsa ya ba shi gwangwanin feshin bel, irin mai danƙo. Ya fesa inji na aiki, ƙarar ta mutu nan take. Kwana biyu shiru.

A rana ta 16 ihun safiya ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Wata siririyar tsuwwa ta biyo shi, tsi-tsi-tsi kamar ta gyare, wadda ba ta tsayawa ko inji ya yi zafi, musamman idan mota na tsaye a cunkoso. Ya sake fesawa. Wannan karon rabin yini ta yi shiru. Da ya leƙa, ya ga ƙura ta manne a jikin bel ɗin, ramukan fuli sun yi baƙin danƙo.

Rana ta 20, kilomita 169,200: sabon bel

Bakaniken farko ya haska bel ɗin da tocila, ya lanƙwasa shi da yatsa, ya ce bai ga tsagewa ko ɗaya ba, sai dai ya yi ƙyalli. Ya ce tunda ya yi tafiyar kilomita 77,000, a canja shi kawai.

Rashin tsagewar nan ba ya nuna komai a bel na zamani. Na da, da robar niyofirin ake yin su, kuma idan sun tsufa sukan tsattsage, shi ya sa aka saba ƙirga tsaga a ce in sun wuce uku a cikin tazarar inci uku bel ya ƙare. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 aka koma robar EPDM, wadda ba ta cika tsagewa ba. Cinyewa take yi a hankali kamar taya. Jijiyoyin su sirance, bel ɗin ya nutse cikin fuli har ya zauna a kan tsinin ramukan maimakon ya kama gefensu. Da ɗan ma'aunin roba mai haƙora ake gane wannan, a danna shi cikin jijiyoyin a ga ko ya yi lilo. Ba a gwada haka ba a ranar, kuma an jefar da tsohon bel ɗin.

Sabon da aka saka lambarsa 6PK1750, daidai da ta tsohon: jijiya shida, tsawo milimita 1,750. Aikin bai wuce minti 20 ba. Ba a wanke fuli ba, ba a auna komai ba. Aka tayar da inji, shiru.

Shirun ya kai kwana tara. A rana ta 29 tsuwwa ta dawo. A rana ta 31 ihun safiya ya biyo baya.

Rana ta 33, kilomita 169,700: fulin banza

Ya koma wurin bakaniken. Shi kuma ya ɗauki dogon sukudireba, ya ɗora bakinsa a kan notin kowace na'ura, ya kara ƙotar a kunne. Dabara ce mai kyau wajen jin boris da ya lalace, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da fuli ke juyawa a kansa. Ya ce ƙarar ta fi fitowa a wajen fulin banza, saboda haka boris ɗinsa ne ya bushe. Aka saka sabo.

Tun ba a rufe bonet ba tsuwwar ta ci gaba, ba ragi ba ƙari. Bakaniken ya ce to saura altaneta, watakila boris ɗinta ne. Mai motar ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Ya karɓi tsohon fulin ya jefa a but.

Rana ta 41, kilomita 170,000: bincike a gareji na biyu

Bakanike na biyu ya ce a kawo motar da yamma a bar ta ta kwana, don yana so ya ji tashinta na farko da kunnensa. Kafin mai motar ya tafi, ya karɓi littafin ya karanta shafukan baya. Ya ɗan tsaya a kan layin famfon sitiyari, ya tambaya ko da fulinsa sabon famfon ya zo. Mai motar ya ce a'a, tsohon fulin aka cire aka mayar a kan sabon famfo. Bakaniken ya gyaɗa kai, bai ce komai ba.

Da safe, bonet a buɗe, ya sa yaronsa ya tayar da inji, shi kuma ya tsaya daga gefe da tocila, hannun rigarsa a naɗe. Ba bel ɗin yake kallo ba, hannun ajasta yake kallo. Ihun ya yi daƙiƙa tara. Duk tsawon lokacin hannun yana tsalle gaba da baya, kusan santimita ɗaya, kuma dogon ɓangaren bel ɗin da ke tsakanin karanshaf da kwamfireso yana kaɗawa kamar tsirkiya. Lafiyayyen ajasta ɗan rawa kawai yake yi, wadda sai an ƙura ido ake ganinta.

Bayan minti goma inji ya yi zafi, ihu ya tafi, saura tsuwwa kawai. Ya taka totur kaɗan, tsuwwar ta ƙara sauri daidai da juyin inji, amma ba ta ƙara ƙarfi ba. Da ya taka sosai sai ta ɓace cikin rugugin inji.

“Malam, ba ƙara ɗaya ce a motarka ba,” ya ce da mai motar. “Biyu ce. Ta safiyar nan mai tsawo, zamewa ce, bel na sulɓewa a kan fuli. Ta gyaren nan kuma daban take.”

Sai ya ɗauko gorar feshi da ruwa zalla, ba sabulu ba mai. Gwajin ruwa sananne ne a wurin masu wannan aiki, kuma amsarsa uku ce. Idan aka fesa ruwa a cikin jijiyoyin bel ƙara ta ƙaru, ɗauri ne ya yi kaɗan, domin ruwan ya ƙara wa bel ɗin santsi ya ƙara zamewa. Idan ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo da ruwan ya bushe, wani fuli ne ba ya kan layi, domin ruwan ya zame wa gefen jijiyoyin kamar mai inda suke gogar bangon rami. Idan kuma ruwan bai canja komai ba, a bar bel a nemi boris.

Ya yi gwajin sau biyu. Na farko inji na silo, komai a kashe. Yana fesawa tsuwwa ta ɗauke, bayan kamar daƙiƙa 20 ta dawo. Na biyu ya sa aka kunna AC da manyan fitilu, aka murɗe sitiyari. Yana fesawa bel ya ƙwala ihu fiye da na safe. Mota ɗaya, amsa biyu.

Ya auna lantarki. Tun kafin a tayar da inji ya riga ya ɗora mita a kan batir: volt 12.2, alhali cikakken batir da ya huta yakan nuna kimanin 12.6. Inji na silo, caji ya tsaya a 14.2, wanda yake daidai. Ke nan altaneta na aikinta. Amma raunin batirin yana da alaƙa da lokacin ihun. Tayar da inji yana zuƙe batir, kuma a daƙiƙun farko altaneta takan ja iyakar ƙarfinta don ta biya bashin. Altanetar da ke ba da amfiya 90 a kan volt 14 tana fitar da wat 1,260, kuma tunda kusan rabin abin da take karɓa yana tafiya a zafi, abin da take ja daga bel ya haura kilowat biyu. Duk wannan nauyi a kan fulin da ya fi kowanne ƙanƙanta, a lokacin da roba ta yi sanyi ta yi tauri, ga raɓa. In akwai rauni a ɗauri, a nan zai fara tona kansa.

Daga nan ya kashe inji ya zare makulli, don fankar lantarki takan tashi da kanta. Ya zana hanyar da bel ya bi a takarda, ya yi kibiya da alli a bayansa don a san inda yake fuskanta, sannan ya cire shi.

Ya bi fuli ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa da hannu, yana girgizawa gaba da baya. Altaneta sumul, ba kurji. Fulinta na ƙarfe ne zalla. Ya duba wannan musamman, domin wasu motocin suna da fulin altaneta mai sakin kai ta ɓangare ɗaya, kuma idan irinsa ya cije yakan sa ajasta tsalle kamar yadda aka gani da safe. Famfon ruwa ba ya lilo, ɗan ramin da ke ƙarƙashinsa a bushe, ba alamar ruwan lagireto. Ba baƙin mai a gaban inji. Fulin karanshaf guda biyu ne da roba a tsakani, ya duba robar, ba ta kumbura ba, ba ta fito ba. Sabon fulin banza lafiya. Ya ce a ɗauko tsohon daga but, ya juya shi kusa da kunnensa, ya miƙa wa mai motar ba tare da ya ce uffan ba. Sumul yake juyawa.

Ya tayar da inji ba bel, na ƙasa da minti ɗaya, tunda famfon ruwa ba ya juyawa. Ba ihu, ba tsuwwa. Wannan ya fitar da bel ɗin taimin da duk abin da ke cikin inji daga zargi.

Saura ajasta. Ya ɗora doguwar sifana ya ja hannun daga farko har ƙarshe ya sake shi a hankali. A tsakiyar tafiya yana cijewa, sannan ya kuɓuce. Jansa kuma bai yi wuya ba yadda ya kamata. Akwai jan tsatsa kamar gari da ya zubo daga mahaɗar hannun da gindinsa. Da ya girgiza shi gefe da gefe sai ya motsa, alamar bushin ɗin ciki ya cinye, hannun ya ɗan kwanta.

Bel ɗin kuwa, wanda bai wuce kilomita 800 da sakawa ba, gefensa ɗaya ya goge ya yi ƙyalli, zare ya fara leƙowa a wuri biyu. Ɗaya gefen kamar sabo.

Abin da ya yanke a ranar shi ne ajasta ne ke haddasa duka biyun: sifirin da ya gaji ya kawo ihu, hannun da ya kwanta ya karkatar da bel ya kawo tsuwwa. Bai ɗora rula a kan sauran fuli ba, saboda tankin man sitiyari da bututun iska sun tare wurin.

Rana ta 42: sabon ajasta

Aka saka cikakken ajasta, ba fulinsa kaɗai ba, aka ɗaure notinsa da sifanar awo. Aka mayar da bel ɗin yadda kibiya ta nuna. Aka goge kawunan batir, aka sa shi a caji ya kwana.

Washegari da safe ba ihu. An kunna AC, an murɗe sitiyari har ƙarshe, an fesa ruwa, ba ihu. Hannun ajasta ya tsaya cak sai ɗan rawa.

Tsuwwa kuwa tana nan, har ta fi da fitowa fili. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Bakaniken ya faɗa wa mai motar kai tsaye cewa rabin lissafinsa ya kuskure, ya ce ya dawo da motar ranar da zai iya barin ta yini guda.

Rana ta 45, kilomita 170,150: rula

Ya fara da juya bel ɗin, ya saka shi kibiya na kallon baya. Tsuwwa ta ɗauke, ta yi kusan kwata na awa, sannan ta dawo. Gefen da bai goge ba ne ya koma yana fuskantar gugar, kuma kafin ya yi santsi an samu shiru. Da boris ne, da juya bel bai canja komai ba.

Sai ya kwance tankin man sitiyari ya ɗaure shi gefe, ya cire bututun iska, wuri ya buɗe. Ya ɗauko doguwar rular ƙarfe ya kwantar da ita a fuskar fulin karanshaf, tunda shi ne ba ya matsawa, sauran ne ke bin sa. Akwai tarko a nan da ke kama mutane: leɓen kowane fuli da nasa kauri, saboda haka ba a auna fuska da fuska. Daga rula zuwa ramin farko ake aunawa, a kowane fuli, a sama da ƙasa. Idan sama da ƙasa suka bambanta, fulin ya karkace ne. Idan suka yi daidai amma suka saɓa wa na karanshaf, fulin a miƙe yake, sai dai ya fito waje ko ya shige ciki.

Kwamfireso daidai. Altaneta daidai. Fulin famfon sitiyari ya fito waje da milimita 2.5, sama da ƙasa duka.

Ba sai an yi dogon nema ba. Fulin wannan famfo ba noti ke riƙe shi ba, cusa shi ake yi a kan sandar famfon da ƙarfi, kuma a irinsa bakin sandar ya kamata ya zo daidai da fuskar cibiyar fulin. Da aka haska, sandar ta nutse a ciki da milimita 2.5. Wanda ya mayar da fulin a kilomita 161,200 bai tura shi ya kai ƙarshe ba.

Milimita 2.5 ba ta kai faɗin jijiya ɗaya ba, domin tazarar da ke tsakanin jijiya da jijiya a bel mai lambar PK milimita 3.56 ce. Shi ya sa bel ɗin bai taɓa tsallake rami ko ya fita ba, kuma ido ba ya ganin komai. Amma tsakanin fulin altaneta da na famfon sitiyari, bel ɗin da ke sarari bai wuce milimita 120 ba. Kaucewar 2.5 a cikin 120 ta ba da kusurwa ta kusan digiri 1.2. Da tazarar doguwa ce, da bel ɗin ya samu wurin lanƙwasawa a hankali ya shiga fuli a miƙe. A gajeriyar tazara ba shi da wannan damar. Kowace jijiya tana sauka ne a kan bangon rami, ta manne, ta zame zuwa ƙasa, ta sake mannewa, ta sake zamewa, cikin saurin da kunne ke ji a matsayin tsuwwa. Kuma fulin banza da aka canja a rana ta 33 yana daf da wannan wurin.

Ba da guduma aka tura fulin ba. Duka a kan sandar yana wucewa kai tsaye cikin famfo ya ɓata shi. Akwai ɗan kayan aiki na musamman, dogon noti da ke shiga zaren da ke cikin bakin sandar, sai a riƙa murɗa wani notin a kansa yana tura fulin a hankali. Yana murɗawa yana aunawa, har sanda ta zo daidai da cibiya. Rula ta nuna bambancin bai kai rabin milimita ba.

Aka mayar da bel, aka tayar. Tsuwwar ta ragu ƙwarai, amma wanda ya kasa kunne zai ji ragowarta.

Rana ta 46: wanki da bel na uku

Aka cire bel ɗin aka ajiye shi gefe. Yaron garejin ya zauna da buroshi mai tauri da ruwan sabulu, ya bi ramukan fuli huɗu masu tsaga ɗaya bayan ɗaya, yana kakkaɓe danƙon feshin da ya haɗe da ƙura da garin roba. A wasu ramukan abin ya daskare sai da aka sa tsinke. Aka goge masu sumul ɗin su ma, aka bari komai ya bushe sarai. Wannan ya ci fiye da awa ɗaya, ya fi duk sauran ayyukan cin lokaci.

Aka saka sabon bel mai lamba ɗaya da na baya. Kafin a tayar, bakaniken ya bi kowane fuli da yatsa ya tabbatar jijiyoyi shida sun zauna a ramuka shida, ya duba alamar da ke jikin ajasta ta tsaya tsakanin layukanta biyu. Aka tayar. Inji na silo shiru, da AC shiru, da ruwa shiru.

Bayan gyara

Rana ta 60, kilomita 170,750: aka duba. Gefen bel biyu iri ɗaya, ba ƙyalli, ba garin roba a jikin inji.

Rana ta 140, kilomita 174,000: an sha ruwan sama da safiyoyi masu sanyi a tsakani, littafin bai nuna ƙara ko sau ɗaya ba.

Rana ta 170, kilomita 175,200: batir ya mutu aka canja shi. Makonni biyu kafin nan yana jan inji da ƙyar kowace safiya, wato altaneta tana ɗaukar nauyi fiye da na kwanakin farko. Bel bai yi ihu ba.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Laifi biyu ne suka haɗu a bel ɗaya, kuma kowanne yana ɓoye ɗan uwansa. Ajasta ya gaji bayan kilomita 168,000, shi ya kawo ihu. Fulin sitiyari ya kauce tun kilomita 161,200, shi ya kawo tsuwwa. Batir ya zaɓa wa ihun lokaci ne kawai, kuma rana ta 170 ta wanke shi.

Tambayar da ta fi daɗin tunani ita ce me ya sa fulin da ya kauce ya yi fiye da kilomita 7,000 bai yi kuka ba. Tsohon bel ya riga ya cinye ya yi laushi, kuma ɗaurin da ke kansa kaɗan ne, saboda haka gugar gefe ba ta da ƙarfin da za ta yi sauti. Feshi ne ya fara ba ta murya, domin danƙo shi ne ainihin abin da mannewa da zamewa ke buƙata. Sabon ajasta kuma, da ya dawo da cikakken ɗauri, ya ƙara danna jijiyoyin a bangon rami. Gyara na gaskiya ne ya sa ƙarar ta ƙaru, kuma da mai motar ya yi hukunci da kunne kawai a rana ta 43, da ya ce an cuce shi.

Feshin bai gyara komai ba, ya kuma bar aikin awa guda a baya. Bel na biyu ba kuskure ba ne a kan kansa, domin tsohon ya kusa lokacinsa, ya kuma sha man sitiyari a zamanin yoyo. Kuskuren shi ne ɗora shi a kan fuli masu datti da ajastan da ba a taɓa gwadawa ba. Kwana taran da ya yi shiru, sabuwar roba ce ke kamawa kafin ta goge, kuma kusan kowane sabon bel zai ba da irin wannan hutun ko mene ne ciwon. A ƙarshe bel mai kilomita 1,000 aka zubar.

Bakaniken farko bai yi ƙarya ba da ya ce ya ji ƙara a wajen fulin banza. A nan ɗin take. Sukudireba yana nuna inda sauti yake, ba ya nuna mai yin sa, kuma ƙarfe na kai sauti nesa. Gorar ruwa da daƙiƙa 30 sun isa su gaya masa ba boris ba ne, kafin a kai ga maganar altaneta. Bakanike na biyun ma yana da nasa kuskuren. Ya ga layin famfo a littafi tun daren farko, ya yi tambayar da ta dace, ya samu amsar da ta dace, sannan ya bar ta saboda ajasta ya ba shi bayani mai gamsarwa kuma tanki ya tare masa hanya. Kwance tankin minti goma ne. Barinsa ya ci kwana huɗu.

Fulin da aka cire a rana ta 33 yana nan a but ɗin motar, a naɗe cikin tsumma, boris ɗinsa lafiya ƙalau.